Abin da Masu Duba Matasan 'Yan Hokin Ƙanƙara Suke Gani Kafin Zaɓen NHL

Wani ɗan'uwa da karatu ya kai shi Kanada, har wasan hokin ƙanƙara ya shiga ransa, ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya kalli zaɓen matasan 'yan wasa da ƙungiyoyin NHL, babbar gasar ƙwararrun wasan a Amurka da Kanada, suke yi a ƙarshen watan Yuni, abin ya ɗaure masa kai. Yaron da ya fi kowa zura ƙwallo a gasar matasa sai a bar shi har zagaye na biyu ko na uku, a ɗauki wanda bai kai rabinsa ba. Shin me masu duba yaran nan suke gani da mai kallo ba ya gani?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya mai kyau. Na daɗe ina zama a filayen gasar matasa ta Ontario da takarda da biro a hannu, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, ƙungiya ba yaron da ke gabanta take saye ba. Mutumin da zai zama nan da shekara biyar take saye. Ka san mai sayen ɗan maraƙi don kiwo. Ba ruwansa da kitsen da ke jikinsa ranar kasuwa, ƙashi yake dubawa, da faɗin ƙirji, da tsayuwar ƙafa. Aikin ke nan, illa dai a nan abin da ake kiwo mutum ne mai shekara goma sha bakwai, da zuciyarsa da iyayensa da ciwukansa.

Tsarin zaɓen ba shi da wahalar fahimta. Ƙungiyoyi 32 ne, zagaye bakwai, wato yara 224 a shekara. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne ke fara zaɓa, sai dai ana jefa ƙuri'a a kan gurabun farko don kada wata ƙungiya ta riƙa faɗuwa da gangan. Hukumar gasar tana da ofishinta na duba 'yan wasa tun 1975, yana fitar da jerin sunaye a tsakiyar kaka da kuma ƙarshenta, na Arewacin Amurka daban, na ƙetare daban, masu tsaron raga ma daban. Amma kowace ƙungiya tana da nata mutanen da nata jerin da take ɓoyewa. In ka shiga filin gasar matasa daren Juma'a za ka gan su can sama a kusurwa, cikin baƙaƙen riguna, kofin kofi a gefe, takardar sunayen 'yan wasa a ninke a gwiwa. Ba sa tafi, ba sa ihu. Sau da yawa ana cin ƙwallo a wannan gefe idonsu yana can wancan gefen. (Abin da ake bugawa baƙin faifan roba ne mai tauri, amma mu ci gaba da ce masa ƙwallo.)

Kafin su yarda da makin kowane yaro, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, sai sun ɓare makin kamar albasa. Ɓawon farko ranar haihuwa ce. Ƙa'ida ita ce yaro ya cika shekara 18 zuwa ranar 15 ga Satumba ta shekarar zaɓen. Saboda haka a aji ɗaya za ka samu wanda ya girmi wani da kusan shekara guda, kuma a wannan ganiyar shekara guda ba wasa ba ce. An haifi Auston Matthews ranar 17 ga Satumba, 1997. Kwana biyu kacal suka hana shi shiga zaɓen 2015, sai ya tafi Siwizalan ya buga kaka guda da manya a Zurich, Toronto ta ɗauke shi na farko a 2016 yana cikin manyan ajinsa. Shi kuwa Matthew Schaefer, wanda New York Islanders ta ɗauka na farko a 2025, ranar 5 ga Satumba aka haife shi, yana cikin ƙananan ajinsa ke nan. In na ga yara biyu da maki ɗaya, ɗaya ɗan Oktoba, ɗaya ɗan Agustan shekara mai bi masa, ɗan Agustan nake ja wa layi, don ya yi abin da ɗan'uwansa ya yi alhali ɗan'uwan ya girme shi da wata goma.

Matsalar ma ta faro ne tun daga yarinta. A Kanada ana raba yara rukuni-rukuni da shekarar haihuwa daga 1 ga Janairu. Tun a shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam, Roger Barnsley, ya lura cewa 'yan watannin farkon shekara sun cika manyan ƙungiyoyin matasa fiye da kima. Dalili a fili yake. Ɗan Janairu mai shekara tara ya fi ɗan Disamba girma, shi za a zaɓa a babbar ƙungiyar gari, shi zai samu koci mai kyau da wasanni masu yawa. Na taɓa faɗawa irin wannan rami. Akwai wani yaro da na sa a sama a takardata, yana da shekara goma sha shida amma gemu ya fito, kafaɗa kamar ta ɗan dambe, yana ture yara yana wucewa zuwa raga. Bayan shekara biyu sa'o'insa suka kamo shi a girma, sai ga shi ba shi da wata dabara ta biyu, domin bai taɓa buƙatarta ba. Tun daga lokacin, in na ga yaro yana cin ƙwallo da ƙarfi zalla, sai in tambayi kaina: ranar da kowa a fili ya kai shi ƙarfi, me zai rage masa?

Ɓawo na biyu, a ina ya ci makin. Manyan gasannin matasa uku na Kanada, ta Ontario da ta Yamma da ta Kebek, yara ne 'yan 16 zuwa 20 ke bugawa, kuma ana zura ƙwallaye sosai. Gasar jami'o'in Amurka tana da samari har 'yan 23 da 24. A Suwidin da Finlan kuwa, yaro mai hazaƙa yakan buga da magidanta masu neman abincin iyali, a ba shi minti takwas ko goma a wasa. Maki 10 a can na iya fin maki 70 a nan nauyi. Wani mai nazarin alƙaluma, Gabriel Desjardins, ya bi 'yan wasan da suka tsallaka daga kowace gasa zuwa NHL ya auna nawa makinsu yake raguwa, ya samu cewa na gasar matasan Kanada kusan kashi 30 cikin 100 ne ke bin mutum. Juraj Slafkovský maki 10 ya samu a wasa 31 a gasar Finlan, amma ya ci ƙwallo bakwai a wasannin Olamfik na Beijing a 2022 yana ɗan shekara 17, Montreal ta ɗauke shi na farko. Faɗin fili ma yana shiga lissafi. Na NHL ƙafa 85 ne, yawancin na Turai sun fi shi da kusan ƙafa goma sha uku. Yaron da ya saba da sarari sai a tambaya ko zai iya yanke shawara in an matse shi a jikin katanga.

Wani lokacin kuma ƙaramar gasa takan ɓoye babban ɗan wasa. Cale Makar a wata gasar lardin Alberta yake bugawa, wadda ba ta kai manyan ukun nan ba, ya samu maki 75 a wasa 54 yana ɗan baya. Masu shakka suka ce ai da yara marasa ƙarfi yake karawa. Colorado ta ɗauke shi na huɗu a 2017, ta bar shi ya yi shekara biyu a jami'a. A 2022 ya ɗauki kyautar gwarzon 'yan baya, ya ɗauki ta gwarzon wasannin kofi na ƙarshen kaka, ya ɗaga Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL. Waɗanda suka tsaya masa sun ajiye makin gefe, suka dubi ƙafarsa da kansa.

Ɓawo na uku shi ne da wa yake bugawa, kuma a wane hali. In aka fitar da ɗan wasan abokan karawa na minti biyu saboda laifi, aka koma biyar da huɗu, cin ƙwallo yakan yi sauƙi. Yaron da rabin makinsa daga nan ya fito, in ya je NHL ba lallai a ba shi wannan dama ba, akwai manya a gabansa. Don haka ake ware makin da ya samu ana biyar da biyar. Sannan a duba abokan layinsa, wato 'yan gaban da suke shiga fili tare da shi. Alex DeBrincat ya ci ƙwallo 51 a ƙungiyar matasa ta Erie a kakar da yake tare da fitaccen ɗan wasan nan Connor McDavid, aka ce inuwar giginya ce kawai ta faɗo masa. McDavid ya tafi, yaron ya sake cin 51. Duk da haka aka bar shi har na 39 a 2016 saboda gajarta, kuma sau biyu ya ci wa Chicago ƙwallo 41 a kaka. A ganina wannan kuskure ne da bai kamata a yi ba, don yaron ya riga ya amsa tambayar da aka yi masa a gaban kowa.

To, bayan an gama ɓare lissafi, sai aikin ido. Farko gudu a kan ƙanƙara. Mai kallo yana ganin wanda ya fi sauri a miƙe, amma wasan ba tseren mita ɗari ba ne. Ana duba taku ukun farko daga tsaye, da yadda yake karkata wuƙar takalminsa ya juya ba tare da saurinsa ya ragu ba, da yadda ɗan baya yake komawa da baya sannan ya juya ya bi mai gudu. Muhimmiyar tambaya a nan ita ce, aibin na gyaruwa ne? Yaron da ƙafarsa ba ta yi ƙarfi ba tukuna, ko yake tsayawa a miƙe bai durƙusa sosai ba, wannan koci da ɗakin motsa jiki za su gyara. Brayden Point ya samu maki 91 a ƙungiyar matasa ta Moose Jaw, amma aka ce ƙarami ne kuma gudunsa bai kai ba, sai na 79 Tampa Bay ta ɗauke shi a 2014. Ya duƙufa da kociyar gudu Barb Underhill, har gudun ya zama makaminsa. Shi ya fi kowa zura ƙwallo a wasannin kofi na 2020 da na 2021, 14 kowace shekara, kuma duk biyun Tampa ce ta ci kofin.

Abin da ba ya koyuwa da sauƙi shi ne kaifin karanta wasa, kuma a nan nake kashe mafi yawan lokacina. Bari in nuna maka abu ɗaya da za ka iya gani da idonka. An harba ƙwallo can kusurwar gidan su ɗan baya, ya juya yana binta, bayansa na fuskantar fili, ɗan gaban abokan karawa yana tafe a guje zai maka shi da katanga. Yana da kamar daƙiƙa biyu. Ka zuba wa kansa ido. Yaro na ƙwarai zai waiga ta kafaɗar dama, ya sake waigawa ta hagu, tun kafin sandarsa ta taɓa ƙwallon. Kafin ya isa ya riga ya san inda mai binsa yake, da inda abokinsa yake. Sai ka ga ya karkata jiki kamar zai bi bayan raga, mai binsa ya ruɗu ya bi can, shi kuma ya murɗa ya fito ta inda ya shigo, ya miƙa ƙwallo a kan sandar ɗan tsakiya. Babu maki a wannan, ba za a nuna shi a labaran dare ba. Wani yaron kuwa idonsa na kan ƙwallo har ya isa, sai a nan zai ɗaga kai, lokaci ya ƙure, ya watsa ta jikin katanga ta faɗa hannun abokan karawa. A gasar matasa, wannan yaro na biyu zai iya tsira in yana da sauri. A NHL daƙiƙa biyun nan ɗaya take komawa.

Ga ɗan gaba ma haka ne. Ina duba abin da yake yi lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa, domin a fitowa ɗaya ta daƙiƙa arba'in da 'yan kai kafin a canza shi da wani, ƙwallo ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi a sandarsa. Yana shiga sarari a kan lokaci, ko yana isa da wuri ya tsaya a tsare shi? In aka ƙwace ƙwallo, yana komowa da gudu ko yana tafe yana kallon alƙali? Kuma ina son in gan shi a mummunan dare: wasa na uku cikin kwana uku, bayan tafiyar awa shida a bas, ana cin su huɗu da ɗaya. Shi ya sa ba a yanke hukunci da kallo ɗaya. Ƙungiyoyi sukan tara rahotanni da yawa a kan yaro guda daga idanu daban-daban, gida da waje, farkon kaka da ƙarshenta.

Wannan ne ma ya sa aka iya ɗaukar Schaefer na farko alhali wasa 17 kawai ya buga wa Erie a kakar, saboda rashin lafiya da karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa da ya samu a gasar matasa ta duniya. An riga an san kansa da ƙafarsa tun shekarar baya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Maganar girman jiki kuwa, ba zan ce maka ba ta da muhimmanci ba. A wasannin kofi fili yakan matse, duka yakan yi yawa, dogon hannu da nauyi suna aiki. Ƙaramin ɗan wasa dole ya zo da wani abu da ya fi na kowa. Amma an sha wuce gona da iri. Martin St. Louis ba wanda ya zaɓe shi sam, ya zo ya zama gwarzon gasar baki ɗaya a 2004. Lane Hutson, ɗan baya mai tsayin ƙafa biyar da inci takwas, sai da ya je wa ƙungiyoyi da takardar likita mai nuna cewa ƙasusuwansa ba su gama girma ba. Duk da haka na 62 Montreal ta same shi a 2022. A 2025 ya ɗauki kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa da maki 66.

Akwai gwajin ƙarfin jiki da ake tara yara kusan ɗari a yi musu a Buffalo a farkon Yuni: tsalle, ɗaga ƙarfe, da keken nan na daƙiƙa talatin da ke sa wasu amai. Ba a hawa ƙanƙara ko sau ɗaya. Kada ka ba shi nauyin da 'yan jarida suke ba shi. A 2014 Sam Bennett ya kasa jan jikinsa sama a sandar ƙarfe ko sau ɗaya, aka yi ta yayatawa. Calgary ta ɗauke shi na huɗu, kuma a 2025 shi ne gwarzon wasannin kofi da Florida, da ƙwallo 15. Amfanin makon yana wajen likitoci da ɗakin hira. Nan ake duba tsofaffin raunuka, a zaunar da yaro a gaban manyan ƙungiya a nuna masa bidiyon kuskurensa a ji me zai ce. Wanda ya bayyana abin da ya gani da abin da ya kamata ya yi, ya ba su abin da suke nema. Wanda ya ɗora wa abokinsa laifi, shi ma ya ba su amsa. Kafin nan an riga an tambayi kocinsa, da malamansa, da iyalin da yake zaune a gidansu, don yawancin yaran nan tun suna 16 suke barin gida.

Masu tsaron raga su ne suka fi kowa wahalar hasashe, gaskiya kusan cinikin biri a sama ne. Sukan makara wajen nuna, yawanci sai sun kai 23 ko 25, kuma alƙalumansu sun dogara da 'yan bayan da ke gabansu. A 2000 an ɗauki mai tsaron raga Rick DiPietro na farko, aka ɗauki Henrik Lundqvist na 205, kuma Lundqvist ne ya shiga zauren gwarazan wasan. Connor Hellebuyck na 130 ne a 2012, ya ɗauki kyautar gwarzon masu tsaron raga sau uku. Shi ya sa ƙungiyoyi da dama ba sa son kashe gurbin farko a kansu, sai su ɗauki ɗaya a tsakiya ko ƙarshe kusan kowace shekara su jira.

Duk da wannan aiki ana kuskure, har a gurbi na ɗaya. Ottawa ta ɗauki Alexandre Daigle na farko a 1993 bai yi abin da aka zata ba, Chris Pronger da aka ɗauka na biyu kuwa ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan baya na zamaninsa. Edmonton ta ɗauki Nail Yakupov a 2012, bayan shekara shida ya koma Rasha. Daga zagaye na uku zuwa ƙasa kuwa, mafi yawan yaran ba sa kaiwa wasa ɗari a NHL. Don haka ra'ayina a zagayen ƙarshe shi ne a nemi yaro mai baiwa ɗaya babba ko da yana da aibi, maimakon wanda komai nasa tsaka-tsaki ne. Haka Detroit ta yi tsintar dami a kala. Mai duba mata 'yan wasa a Turai, Håkan Andersson, ya je Rasha kallon wani ɗan baya, idonsa ya faɗa kan wani siririn yaro, Pavel Datsyuk, wanda zaɓe biyu suka wuce ba wanda ya kira sunansa. Suka ɗauke shi na 171 a 1998, shekara mai zuwa suka ƙara da Henrik Zetterberg na 210, su biyun suka riƙe ƙungiyar har ta ci kofin 2008.

Tunda daga gida ka fito, ga wani abu da zai yi maka daɗi. Mutum na farko haifaffen Najeriya da ya buga NHL, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975. Ya tashi a Ontario, ya buga wa Guelph a gasar matasa, Buffalo ta zaɓe shi na 69 a 1994.

In kana son ka gwada idonka, gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 tana farawa ranar 26 ga Disamba. Ka zaɓi ɗan baya guda ɗaya wanda bai kai shekarun sauran ba, ka rubuta lambar rigarsa da watan haihuwarsa a takarda. Duk fitowarsa ka bi shi shi kaɗai, ka ƙyale ƙwallon. Ka ja layi duk sanda ya waiga kafin ya karɓa, ka sa zagaye duk sanda ƙwallo ta bar sandarsa ta sauka a kan ta abokinsa. Ka yi haka wasa uku, sannan ka buɗe jerin maki ka kwatanta da takardarka.